Kafinta da Kujerar Jirgin Sama

Ni dai Allah bai yi min rowa ba. Tsawo ya ba ni, faɗi ya ƙara min, har 'yan layinmu suka manta sunana suka koma kirana Ginshiƙi. Ƙofar gidana ma da hannuna na sake ta, don wadda na tarar sau biyu tana fasa min goshi. In na tsayar da motar haya, direba kan dube ni, ya dubi tayoyinsa, ya ce ba can ya nufa ba. Duk wannan bai taɓa damuna ba. Ni kafinta ne, shekara talatin da ɗaya ina yin kujeru, kuma a ganina duk abin da ake zama a kai a duniyar nan na gama saninsa.

Wata safiya 'yata ta fari, wadda ke karatun likita a wani gari mai nisa, ta bugo min waya.

"Baba, ranar Alhamis ta sama za a yaye mu. Shekara shida kana cewa za ka zo ka ga makarantar nan. In wannan ma ba ka zo ba, wallahi na yi fushi."

"Zan zo," na ce. "Ko da ƙafa ne."

"Ba da ƙafa ba, kuma ba a mota ba, kwana biyu ne a hanya ga ciwon bayanka. Jirgi za ku hau kai da Mama. Zan kama maka kujera biyu a jere, a ɗaga hannun kujerar na tsakiya ka sake."

"Kujera biyu? Ni da wa?"

"Kai da kai, Baba."

Na kashe wayar. Uwargida tana gefe tana ninke kaya, ta ji komai. Ita ta taɓa hawa jirgi sau ɗaya, lokacin da yarinyar ta kwanta rashin lafiya.

"Maigida, ka bar ta ta yi abin da ta sani," in ji ta. "Kujerun nan ko ni sai da na takure."

"Ke da kika rufe ido kina addu'a tun daga tashi har sauka, me kika gani? Ni za a koya wa kujera?"

Ban taɓa hawa jirgi ba, ko kusa da shi ban taɓa zuwa ba. Amma da rana ina zaune a bakin shagona, na tara maƙwabtana biyu, Tela da Mai Aski, na faɗa musu shirina. Na ce mutane na shan wahala a jirgi ne don ba su da ilimin awo. Ni zan auna kaina, in je in auno kujerun kamfanonin jirgi ɗaya bayan ɗaya, in zaɓi wadda ta dace da ni. In na dawo kuma in buɗe ofishin ba manyan mutane shawara.

Tela, wanda duk jikinsa bai kai cinyata ɗaya ba, ya ciro tef daga wuyansa. "To tashi mu fara da kai."

Ya kama bakin tef ya dafe a cibiyata, ya fara zagaya ni. Na ji shi ya tsaya a bayana.

"Lafiya?"

"Tef ya ƙare, kai ba ka ƙare ba. Mai Aski, miƙo min alli in yi alama in ci gaba."

Washegari na sa sabuwar riga, na ɗauki tef ɗina na ƙarfe da fensir a bayan kunne, na nufi titin da ofisoshin tikiti suke. Kamfani uku ne ke zuwa garin. Ni ban riƙe sunayensu ba, da launin wutsiyar jirginsu na bambanta su.

A ofishin masu jar wutsiya, wani saurayi ya duba kwamfuta ya ce faɗin kujerarsu inci goma sha bakwai ne.

"Sha bakwai? Ɗana, kujerar 'yan firamare da nake yi ta fi wannan." Na fita ban yi sallama ba.

A ofishin masu shuɗiyar wutsiya, wata mata mai tabarau ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta yi magana a hankali. Ta ce tasu inci goma sha takwas ce, amma hannun kujerar yana ɗagawa, suna da bel na ƙari, kuma masu jiki irina kan ɗauki kujera biyu su yi tafiya lafiya lau.

"Ke da 'yata makaranta ɗaya kuka yi?" na tambaye ta. Ba ta gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba.

Ina shiga ofishin masu koriyar wutsiya na tsaya cak. A bango, tun daga ƙasa har silin, ga hoton wani mutum kishingiɗe a kujerar jirgi, ya miƙe ƙafafu, kofin shayi a hannu, yana murmushi kamar an yi masa albishir. Na ja tef na dafa a jikin hoton. Inci talatin da huɗu! Na sake aunawa don kada idona ya yaudare ni.

Mai gadi ya matso. "Baba, me kake yi da bangonmu?"

"Bincike," na ce, na rubuta a tafin hannuna.

Ni ba mai gaggawa ba ne. Na ture aikin teburan wata makaranta gefe, na yi kwana biyu ina sassaƙa kujeru uku daidai da awon da na samo. Na shafa musu fenti, ja da shuɗi da kore, na jera su a ƙofar shago. Kafin fentin ya gama bushewa rabin layinmu ya taru. Har uwargida ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Jama'a, ku buɗe ido," na ce. "Yau za ku ga yadda masu ilimi ke zaɓen jirgi."

Na juya na zauna a jar kujera. Sai na ji ƙarar ƙusa tana fita. Hannayen kujerar suka buɗe, ɗaya gabas ɗaya yamma, ƙafafun suka bi su, na tsinci kaina a ƙasa ina kallon sama.

"Jirgi ya sauka lafiya," in ji Mai Aski.

Na tashi na kakkaɓe rigata. "Kun gani? Da wani ne, sai ya shiga sama zai gane."

Shuɗiyar ban ma shiga ba, a kan hannayenta na zauna kamar kaza a kan katanga. Uwargida ta ce daga bakin ƙofa, "Cire hannu ɗaya ka jawo wata kujerar kusa, ka ga ikon Allah."

Na yi kamar ban ji ba. Na taka zuwa koriyar, na zauna. Wayyo daɗi! Na miƙe ƙafa, na jingina, har da sauran wuri. Tela ya zo ya zauna a gefena cikin kujerar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Jama'a suka tafa.

"Ginshiƙi," ya ce a kunnena, "mutumin da ke cikin hoton nan, kansa inci nawa ne?"

"Ban auna kansa ba. Kan nasa zan zauna?"

"A'a, tambaya dai na yi."

Ranar Litinin muka je yankar tikiti a ofishin masu koriyar wutsiya ni da uwargida. Yarinyar da ke kan tebur ta ga ina ta kallon hoton bango, ta ce, "Baba, wannan fa babban jirginmu ne mai zuwa ƙasashen waje, kuma sashen gaba. Garin da za ku je..."

"'Yata, na auna."

"To. Wace kujera kake so?"

Nan ma na zo da shirina. Duk wanda ya san motar haya ya san kujerar baya ce doguwa, babu hannu, babu shinge. "Ta can ƙarshe. Jikin taga."

"Baba, ta ƙarshe ita ce ta fi..."

"Rubuta."

Ta rubuta. Uwargida ta sunkuya ta ce mata, "Ni ki sa ni tsakiya, nesa kaɗan."

Ranar Laraba da hantsi Tela da Mai Aski suka rufe shagunansu suka raka mu filin jirgi. Tela ya ɗinka min sabon wando fari, ya ce bai taɓa yanka yadi mai yawansa ba tun da ya yi labulen wani otal. A wurin karɓar kaya ma'aikacin ya auna akwatinmu, ya dube ni, ya je ya yi shawara da wani, ya dawo.

"Yallaɓai, ko za ka ɗan hau sikelin nan? Jirgin yau sai mun san nauyin kowa."

"Sikelin akwati?"

"Shi ke nan gare mu."

Na hau. Na ja numfashi na shanye tumbina, ko zai rage wani abu. Lambobi ja suka yi ta gudu a allon da duk layi ke gani, suka tsaya, suka ɗan ƙara. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Masha Allah." Mai Aski ya ce wa ma'aikacin, "Ka liƙa masa takarda a wuya ka tura shi ta bel ɗin kaya mana, ai ya fi sauƙi."

Maƙwabtan nawa suka haura bene inda 'yan rakiya ke tsayawa bayan gilashi suna kallon jirage. Kafin mu rabu na nuna musu wani ƙaton jirgi mai koriyar wutsiya, dogo kamar layinmu gaba ɗaya. "Ga nawa can. Ku duba tagar ƙarshe, zan ɗaga muku kofin shayi."

Bas ta ɗebe mu. Ta nufi ƙaton jirgin, na gyara hula. Ta wuce shi. Ta wuce na biyu, ta wuce motar kashe gobara, ta je ta tsaya gaban wani ɗan abu mai farfela biyu, wanda da a hanya na gan shi da na ce na wasan yara ne.

"Direba, ka ɓata hanya," na ce.

"Nan ne, Baba."

Matakalar hawa biyar ce, kowace sai da ta yi kuka. A bakin ƙofa na sunkuya, amma ban sunkuya sosai ba. Goshina ya bugi ƙarfe, hulata ta faɗi, iskar filin ta ɗauke ta ta yi gaba da ita. A ciki ban iya tsayawa a miƙe ba, ban iya tafiya kai tsaye ba, sai na bi hanyar a karkace, a duƙe. Gabana yana share fuskokin na dama, bayana yana share na hagu. Na ture wa wani jarida, na kwaɓe wa wata ɗankwali. "Ku yi haƙuri. Ku gafarce ni. Yi haƙuri, ɗan'uwa." Na wuce uwargida, ta buɗe jakarta tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Na isa ƙarshe. Babu doguwar kujera. Kujeru biyu ne ƙanana, sun fi duk na jirgin matsi don wurin yana tsukewa, bayansu manne da bangon bayan gida. Wani siririn mutum mai kwat yana zaune a ta bakin hanya. Ya ɗago kai ya gan ni, ya rufe littafinsa a hankali, ya tashi ba tare da an ce masa komai ba.

Na tuna Tela da Mai Aski suna bayan gilashi. Na ce wa kaina komawa dai babu. Na juya, na saita, na saki jikina gaba ɗaya. Aka ji wani sauti kamar an toshe bakin tulu. Na shiga. Kujerar katako in ta ga abin ya fi ƙarfinta takan buɗe ta ba ka wuri. Wannan ta ƙarfe ce, ko gezau ba ta yi ba. Gwiwoyina suka tokare bayan kujerar gaba har mai ita ya sunkuya kamar mai ɗaura takalmi.

Ma'aikaciyar jirgi ta zo da murmushi. "Baba, a ɗaura bel. Ga na ƙari na kawo maka."

"Ba na buƙata. Na zo da nawa." Na zaro igiyar da nake ɗaure katako a kan mota daga aljihun riga. "Wannan ta riƙe falanki arba'in a kan hanya mai gargada."

"Baba, ba a yarda da igiya ba."

"Ke kin san ƙarfinta?"

"Baba, ko ba bel ma ba na jin akwai inda za ka," in ji mai kwat daga tsaye.

Muna cikin haka sai ga matuƙin jirgin da kansa, da takarda a hannu. Raina ya yi fari, na ce lallai an gaya masa akwai masani a jirgin.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "nauyi ya yi wa wutsiya yawa. In muka tashi a haka, hancin jirgin sama zai yi ta kallo. Don Allah ka dawo tsakiya, saitin fiffike."

"Ai dama na lura da hakan," na ce. "Ina shirin yi muku magana."

Na dafa hannun kujera na yunƙura. Babu abin da ya motsa. Na sake yunƙurawa, jirgin ya ɗan girgiza, ni ina nan. Zufa ta keto min.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

"Ina zuwa. Ina ɗan hutawa ne."

Matuƙin ya kama hannuna na dama, mai kwat ya kama na hagu. Wani ƙaƙƙarfan fasinja ya kama matuƙin ta ƙugu, wani ya kama shi. Suka ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka ja. Hannun rigata ya tafi da su, su huɗu suka zube a hanya, ni ko inci ɗaya ban ɗaga ba. Jirgi ya kaure da surutu. Wani yana cewa yana da taro ƙarfe biyu, wata tana cewa a zuba min sabulu, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Ma'aikaciyar ta ɗaga murya. "Don Allah, akwai wanda yake tare da bawan Allahn nan?"

Na hango ƙeyar uwargida. Tana kallon taga kamar ba ta taɓa ganin fiffike ba. Sai da aka tambaya sau uku ta ɗaga yatsa ɗaya, ba ta waiwayo ba.

Aka kira bakanike. Ya shigo da akwatin sifanu, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashina ya daɗe. Ya ce hannun kujerar baya ba ya ɗagawa, sai an kwance shi daga gindi.

"Ɗana, ta hagu za ka fara," na ce masa. "Ni ma sana'ata ce. Shekara talatin da ɗaya..."

"Baba, ka taimake ni da abu ɗaya."

"Faɗi."

"Ka yi shiru, kuma ka daina numfashi da ƙarfi, kana matse min hannu."

Minti arba'in yana kwance noti. Da na ƙarshe ya fita, hannun kujerar ya yi tsalle, ni ma na miƙe da ƙarfina duka. Kaina ya daki silin. A bayana kuma na ji wani dogon sauti, tun daga ƙugu har gwiwa. Wani ƙarfe ya riƙe wandon da Tela ya ɗinka min, ya ƙi saki. Wata iska mai sanyi ta sanar da ni girman ɓarnar.

Matuƙin ya duba takardarsa, ya yi gyaran murya. Ya ce kujerun tsakiya ma hannunsu ba ya ɗagawa, kuma ba shi da bakanike a sama. Ya ba ni haƙuri ƙwarai. Ma'aikaciyar ta miƙo min bargon jirgi, tana kallon ƙasa.

Na tsaya kusa da uwargida, bargo ɗaure a ƙugu. "Tashi mu tafi."

"Ina? Ni kujerata ta ɗauke ni. Yarinya tana jira, kada ta duba gobe ta ga babu uwa babu uba." Ta ciro wayarta. "Abin da aka gaya maka tun farko, ka je ka yi shi. Yau, Maigida."

Bas ta riga ta tafi, sai da ƙafa na ratsa filin nan. Ba hula, riga hannu ɗaya, koren bargo bai gama zagaya ni ba, ina riƙe da shi ta baya. Ɗan jirgin ya wuce ni a guje ya tashi sama sakayau, kamar an sauke masa dutse. Na ɗaga kai. Bayan gilashin bene mutane sun yi layi, a tsakiyarsu Mai Aski ya dafa kafaɗar Tela don kada ya faɗi. Tela kuwa ya samo kofin shayi daga wani wuri, ya ɗaga min shi.

Akwatinmu ya tafi da uwargida. Tela ya zauna a bayan gida na filin jirgi ya ɗinke wandon da allurar da ke maƙale a hularsa, ni ina tsaye cikin bargo, shi kuwa kafaɗunsa sai rawa suke don dariya. Daga nan na lallaɓa teburin masu shuɗiyar wutsiya, masu jirgin yamma. Na sunkuya, na rage murya.

"Kujera biyu. A jere."

"Sunan fasinja na biyu?"

"Duk ni ne."

Washegari na isa zauren yaye ɗalibai a kan lokaci. Wani mai nuna wa baƙi wuri ya gan ni, idonsa ya buɗe, ya duba wayarsa ya sake dubana. "Lah! Baba mai jirgi! Bismillah, ga wuri a gaba." Na leƙa. Kujeru ne irin masu naɗewa, a manne da juna, kowace da hannayen ƙarfe biyu.

"Na gode, ɗana. Zan tsaya."

Awa uku na yi a tsaye a bayan zaure, jingine da bango. Da aka kira sunan 'yata ta hau dandamali, ta karɓi takardarta, ta juyo tana duba jama'a. Mutum ya fi dubu a zaune, amma ba ta yi daƙiƙa biyu tana nema ba. Ta ɗaga min takardar sama. Na so in yi kabbara, sai hawaye.

A waje ta rungume ni iya inda hannunta ya kai. "Baba, duk zauren nan kai kaɗai na hango."

"Ai shi ya sa na tsaya," na ce. "Tun daga gida na tsara hakan."

Uwargida ta dube ni, ta dubi sabuwar likita. "In kin fara aiki," ta ce, "ki fara da bakin nan nasa. Sauran jikin mun saba."